Darasin Kimiyya da Ke Cikin Randa

Ɗiyar ƙanena tana aji 5 a wata firamare a cikin birnin Katsina. Wata rana da bazara, bayan La'asar, na tarar da ita a tsakar gida tana bitar kimiyya saboda jarrabawa. Ta rufe littafi ta zubo mini ma'anar yadda ruwa ke zama tururi ya bi iska, da Turanci, tiryan-tiryan babu gargada. Na yaba mata. Sai na ce ta ɗebo mini ruwa a randa. Da ta kawo na tambaye ta me ya sa ya fi na jarka sanyi, alhali mai ruwa ɗaya ya zuba su da safe, kuma ƙarƙashin rumfa ɗaya suka wuni. Ta yi jim, sannan ta ce, "Baba, ba a kai mu nan ba."

Ai kuwa an kai su. Jimlar da ta gama biya mini ita ce amsar tambayar. Sai dai jimlar tana zaune a littafi, randar tana zaune a gida, ba wanda ya taɓa gaya mata sun san juna. Yarinyar tana da kai, malaminta kuma ya bi manhaja. Matsalar tana cikin yadda muka ɗauki kimiyya a firamare: jerin ma'anoni da ake rubutawa a allo, a kwafa, a haddace, a mayar wa malami ranar jarrabawa.

Akwai wata hanyar, wadda masana tarbiyya ke kira koyarwa ta bincike da aikin hannu. Ana yawan faɗar sunanta a taron bita, amma ba kasafai ake nuna kamanninta a aji ba, don haka bari mu bi ta da wannan randar.

Malam ya shigo da sababbin tuluna 2 da bokitin roba. Kafin ya rubuta komai sai ya jefa wa yara tambayar da na yi wa ɗiyata. Amsoshi za su zubo. Wani ya ce ƙasa ai sanyi gare ta. Wata ta ce don ana rufe randa da faifai ne. Wani ya ce don an binne gindinta cikin yashi. Malam ya jera su duka a allo, ba ya cewa wannan daidai wancan kuskure. Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda ita ce zuciyar darasin: ta yaya za mu gane wanda ya yi gaskiya? Idan faifai ne, to a rufe bokitin ma da faifai a gani. Idan yumɓu ne da kansa ke da sanyi, to tulun da aka naɗe da leda tam ya kamata ya sanyaya ruwa kamar ɗan'uwansa. A cika su da ruwa ɗaya, a yi wa kowanne alama inda ruwan ya tsaya, a ajiye su a inuwa ɗaya. Washegari a duba. Ma'aunin zafi na asibiti ba zai yi wannan aiki ba, don an yi shi ne daidai zafin jikin mutum, amma ko babu na ɗakin gwaji, yaro ya rufe ido ya tsoma yatsa, yara 10 su yi haka a ƙirga abin da suka ce. Tulun da ba a naɗe ba ya fi sanyi, kuma ruwansa ya ragu. Wanda aka naɗe bai yi sanyin kirki ba, ga kuma raɓa ta taru a cikin ledar. Ina ruwan da ya ragu ya tafi? Kowa ya jiƙa bayan hannu ɗaya ya hura masa iska, ya hura wa busasshen, ya faɗi abin da ya ji.

Sai a nan malam zai yi bayani, kuma dole ya yi shi: jikin tulu yana da ƙananan kafofi, ruwa yana nasowa ta cikinsu, idan ya bi iska yakan tafi da zafi, abin da ya rage a ciki sai ya yi sanyi. Yanzu ma'anar littafi ta sami wurin zama. Daga nan yaran da kansu za su soma jawo zaren. Ashe shi ya sa gumi ke sanyaya jiki. Ashe shi ya sa tsohuwar randa da kafofinta suka toshe ba ta kai sabuwa sanyi. Kuma in an yi sa'a wani zai ce, "Malam, don mi randarmu ba ta sanyi sosai cikin Agusta?" Wannan yaro ya taɓo batun laimar iska ba tare da an ambata masa ba.

A lura da abu guda a cikin darasin: kowane gwaji abu ɗaya ake canzawa, sauran a bar su yadda suke. Manomin kirki ya san wannan. In zai gwada sabon irin gero ba ya kai shi fadama ya bar tsohon a jigawa, gefe da gefe yake shuka su a gona ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya. Yaron da ya riƙe wannan ƙa'ida a aji 4 ya riƙi abin da zai tsare shi har girma daga mai tallan maganin da ke warkar da cuta arba'in.

Kar a raina inda ilimin randa ke kaiwa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, da shi ya yaɗa tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya riƙa kaiwa kwana 27 babu wutar lantarki, kuma a shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex saboda wannan aiki.

Dalilin da ya sa hadda kaɗai ba ta wadatarwa a kimiyya shi ne yaro ba ya zuwa makaranta da kai wayam. Yana zuwa da bayanin duniya da ya tsinta a gida da layi. Ya ji cewa zazzaɓin damina daga cin sabuwar masara yake, ko daga dukan ruwan farko. Malam ya rubuta masa cewa sauro ne ke yaɗa shi, ya haddace, ya ci maki, amma tsohon bayanin yana nan daram a ƙasa, sabon ya hau kansa kamar shafen farar ƙasa a jikin bango. Ruwa ɗaya zai wanke shi. Amma a ce yara su kamfato ruwan kwata ko na tsohuwar taya a kwalba, mai ƴan tsutsotsin nan da ke wutsil-wutsil, a rufe bakin da yankin gidan sauro, su riƙa zana abin da suka gani kullum. Cikin mako guda ko ɗan fiye za su wayi gari da sauro yana shawagi a cikin kwalbar da suka rufe da hannunsu. Gwajin bai nuna musu ƙwayar cutar ba, wannan sai malam ya faɗa. Amma yarinyar da ta ga haka, ranar da ta koma gida ta ga kasko cike da ruwan sama a bayan ɗaki, ba sai an ce ta kifar ba.

Wasu na ɗaukar wannan salo baƙo ne da ƙungiyoyin waje suka shigo da shi jiya. A 1965 aka yi taro a Kano wanda daga shi aka ƙaddamar da shirin kimiyyar firamare na Afirka, kuma ginshiƙinsa shi ne yaro ya yi bincike da abin da ke kewaye da shi, har da ɗan ƙwaron nan da ke haƙa rami a yashi yana tafiya da baya. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta jagoranci wani shirin kyautata firamare a jihohin Arewa da tallafin UNICEF. Sai shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya zo, yara suka tuɗaɗo makarantu, aka horar da malamai cikin gaggawa, alli da allo suka sake cin kasuwa don su ne mafi arha. A 2006 aka sake gwadawa da shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, tare da hukumar JICA ta Japan, aka fara da Kaduna da Neja da Filato, kuma cikin abin da yake koya wa malamai har da haɗa kayan gwaji daga abin da ke kusa. Ita kanta manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ta tsara, ga duk wanda ya buɗe ta, kowane darasi an ware masa gurbin abin da malam zai yi da gurbin abin da ɗalibai za su yi da hannunsu. A takarda ba mu rasa komai ba. Shekara 60 ke nan muna ɗaukar wannan kaya muna ajiyewa.

Sai dai akwai gyara da ya wajaba a yi wa masu zumuɗin wannan hanya, kuma ina cikinsu. Ba a zube wa yara kaya a koma gefe a ce su gano da kansu. A 2004 wasu masana biyu a Amurka, David Klahr da Milena Nigam, sun gwada wannan da yaran aji 3 da 4. Aikin shi ne gangara ƙwallo a kan katako don gano abin da ke sa ta yi nisa, kuma abin da ake so su koya shi ne ƙa'idar nan ta canza abu ɗaya. Waɗanda malam ya nuna musu ya yi musu bayani ƙarara, kusan 3 cikin kowane 4 sun ƙware. Waɗanda aka bari su laluba su kaɗai, kusan 1 cikin 4 ne. Na sha ganin darasin da yara suka wuni suna wasa da ruwa da gwangwani, an yi dariya, an ɗauki hoto, amma da ka tambaye su me suka gano sai kallon-kallo. Hannu ya yi aiki, kai bai yi ba. Bincike na gaskiya malam ne ke riƙe da linzaminsa: shi ya zaɓi tambayar, ya san inda za ta kai, ya san lokacin da zai yi shiru da lokacin da zai buɗe baki.

Haka kuma ban yarda da masu zagin hadda ba. Mu da muka tashi da allo da tawada mun san abin da ta gina mana. Akwai abubuwan da yaro ba zai taɓa ganowa a harabar makaranta ba, kamar cewa duniya ce ke kewaya rana, ko sunayen gaɓoɓin ciki. Waɗannan faɗa masa za a yi, ya riƙe. Abin da nake ja da shi shi ne a mayar da fannin gaba ɗaya hadda.

Koyo da hannu ma ai namu ne. Ɗan maƙeri zuga-zugi yake fara ja kafin a ba shi guduma. Ɗan marini yana gani da idonsa cewa zane yakan fito daga karofi da ɗan kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi. Abin da zaure da maƙera ba su cika bayarwa ba shi ne dalili da rubutu. Marini ya san zanen zai juya, ɗan makaranta ya kamata ya san iskar oksijin ce ke juya babar, ya kuma iya tsara gwajin da zai nuna aikin iska ne, misali ya tura yanki ɗaya cikin leda ya matse ya ɗaure, ya shanya ɗaya. A Faransa, lokacin da Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel a 1992, ya jagoranci farfaɗo da kimiyyar firamare a tsakiyar shekarun 1990, cikin abin da suka dage a kai har da kowane yaro ya mallaki littafin gwaji da zai rubuta hasashensa da abin da ya gani da kalmominsa. Wannan littafi bai fi ƙarfin kowace makaranta a Katsina ba, kuma yana gyara rubutu da lissafi a tafiya ɗaya.

To me ke hana mu? Amsar da aka fi bayarwa ita ce babu ɗakin gwaji. A sakandare wannan hujja ce, a firamare ba ta da nauyi sosai. Zoɓo yakan yi ja wur in an matsa masa lemon tsami, ya yi duhu ya karkata zuwa kore in an zuba masa ruwan kanwa, ga ma'aunin tsami kyauta. A yanke gorunan ruwa 3, a zuba yashin jigawa a ɗaya, lakar fadama a ɗaya, jar ƙasa a ɗaya, a zuba ruwa daidai wa daida a ƙirga wanda ya riga tsiyayewa, sai yaro ya gane dalilin da gero ke jure tudun Daura da Mashi, shinkafa kuma sai fadama. Maganaɗisu yana cikin kowace matacciyar rediyo. Gawo yana tsaye a gonaki yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa, tambaya ce mai rai da yara ke wucewa ta gindinta kullum. Abin kiyayewa kawai, babu wasa da wuta, babu ɗanɗana abin gwaji, babu kallon rana kai tsaye.

Cunkoso kam gaskiya ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami 1 ga yara 35, amma ajin da ya haura 100 ba abin mamaki ba ne a cikin gari, balle da rashin tsaro ya taso iyalai daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana. Ba zan ce wa malamin da ke fama da wannan taro a minti 35 ya raba kowa da kayan gwajinsa ba. Abin da zai yiwu shi ne gwaji ɗaya a gaban aji ko a gindin bedi, amma kowane yaro ya rubuta hasashensa kafin a fara, a ƙirga hannuwa, sannan a gani. Da kuma gwaje-gwajen da ke cin minti 5 kullum na tsawon makonni: tsiron wake a haske da duhu, gwangwanin auna ruwan sama, kwalbar sauro. Gwaji 3 na kirki a zango sun fi 20 na jeka-na-yi-ka.

Harshe ya fi cunkoso wuyar sha'ani. Hasashe da musu da kafa hujja ba sa yiwuwa da harshen da yaro bai mallaka ba. In aka ce sai da Turanci, aji zai yi tsit, a koma "Kun gane?" "E, Malam!" Tun 1977 manufar ilimi ta tanadi harshen uwa a azuzuwan farko, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara 6 ba su baro Turanci a baya ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da harshen uwa har aji 6, a ƙarshen 2025 kuma ta janye. Ko wace manufa ke ci, ra'ayina shi ne a bar yara su yi gardamar da Hausa, in sun kama ma'anar a ba su kalmar Turanci su rataya a kai, su rubuta duka biyun.

Sai kuma mu kanmu iyaye. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma yaro mai yawan "don me" mukan ce ya cika surutu, wani lokaci har a kira shi marar kunya. Wasu kuma na fargabar bincike zai taɓa imanin yaro. Ban ga dalilin wannan fargaba ba a garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, garin da ya fitar da Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Babin tsarki da ake fara karanta wa yaro a Islamiyya lura yake koya masa: duba launin ruwan, shinshina, ɗanɗana, ya canza ko bai canza ba, kuma me ya canza shi. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da rana ta yi husufi har Katsina ta yi duhu da hantsi, an yi salla kamar yadda sunna ta koyar, kuma hakan bai hana a nuna wa yaro da ƙwallo da tocila yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya ba.

Duk waɗannan suna komawa wuri ɗaya, wato malami. Wanda bai taɓa yin gwaji da hannunsa ba zai ji tsoron gwaji, don gwaji yakan ƙi, kuma yaro yakan yi tambayar da ba ta cikin littafi. Sau da yawa wanda aka miƙa wa kimiyya a firamare wani fannin daban ya karanta a NCE, an ba shi ne don babu wani. Faɗin "Ban sani ba, mu bincika tare" a gaban yara yana buƙatar mutum ya san fannin har ya daina jin kunyar iyakarsa. Saboda haka da ni ke raba kuɗin da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ke kashewa a wannan fanni, kafin akwatunan kayan gwaji da ke ƙarewa a kulle a ofishin hedimasta don tsoron kar a fasa, zan fara da malamai. Kowane ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da zai koyar a firamare ya fita da gwaje-gwaje kamar 20 da ya yi da kansa, ya ga sun ƙi, ya gyara. Waɗanda ke bakin aiki kuma, malaman makarantu 5 ko 6 na kusa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata su gwada darasin a junansu kafin su kai wa yara. Masu duba makarantu su riƙa neman littafin gwajin yara tare da littafin shirin darasi. Kuma muddin jarrabawa ma'ana kawai take tambaya, malam ma'ana zai koyar, don haka ko tambaya 2 ce a sa wadda za ta ce: ga tuluna 2, ga abin da aka yi musu, me kake tsammani, kuma don me?

Ni da ɗiyata mun yi gwajin tulun a ƙarshen makon nan. Bayansa na kafa mata sanda a tsakar gida, miƙe sak, na ce ta riƙa auna inuwarta duk ranar da ba makaranta idan rana ta take, wajen ƙarfe 12 da rabi, ta rubuta tsawon da inda ta fuskanta. Katsina tana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau 2 a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kai, inuwar sanda ta kusan ɓacewa. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuma arewa. Ita ce inuwar zawali da malaman fiƙihu ke lissafa Azahar da La'asar da ita. Ranakun sukan faɗo cikin hutu, shi ya sa aikin ya fi dacewa da gida ko Islamiyya. Ban gaya mata abin da zai faru ba. Da inuwar ta tsallaka kudu a farkon Mayu, ta zo ta ce mini ƙanenta ne ya tura sandar ta karkace. Na ce ta ɗaura dutse a zare ta saki kusa da sandar ta duba ko a miƙe take, in a miƙe take ta ci gaba da aunawa har Agusta.